Jan Kwaɗo

Madina ta dire ƙaramin akwatin ƙarfe a kan tebur. Ɗakin semina na sashen lissafi ya cika, amma ita mutum ɗaya take gani: Basharu, ɗan Kalgo, can a bencin baya, ya harɗe hannuwa ya sha mur. Tun da aka dawo daga dogon yajin aikin malamai ko gaisuwa ba ta haɗa su ba.

Ta fara da Turancinta mai santsi.

Batunta shi ne yadda mutum biyu za su aika wa juna saƙo a asirce ba tare da sun taɓa musayar mabuɗi ba. Ta sa kwaɗo ta kulle akwatin.

"Na aika. Wanda na aika wa ba shi da mabuɗina, sai ya ƙara nasa kwaɗon ya maido mini. In cire nawa, in sake aikawa. Ya cire nasa ya buɗe. Ɗan aike ya yi ta kai da kawo, bai ga komai ba!"

Ta juya ga allo ta nuna yadda lambobi ke yin aikin kwaɗon a cikin kwamfuta. Alli na ta ƙara. Aka tafa.

Dakta Haruna, shugaban zaman, ya zare tabarau.

"Da kyau. To amma da akwatin ya dawo da kwaɗo na biyu, yaya kika san na wanda kika aika wa ne? In ɗan aiken ne ya maƙala nasa fa?"

Madina ta ƙura wa akwatin ido.

Ai ba a takarda kawai ta san wannan akwatin ba. Da yajin aiki ya raba su, ita a Gwandu shi a Kalgo, ga ba waya, sai ta ce bari ta gwada karatunta a kan soyayyarta. Ta ɗinka hula, zare bayan zare har idonta ya yi ja, ta kulle ta a akwatin ta ba Yaya Umaru, ɗan kawunta, mai fijo da ke jigila zuwa Kalgo ranar kasuwa. Akwati ya dawo da kwaɗo biyu, na biyun ɗan ƙarami ja, ta yi ta tsalle a ɗaka. Ta cire nata ta mayar. Daga baya sai ga akwati a buɗe, hula a ciki ko gwada ta ba a yi ba. Umaru ya ce Basharu ya ce a ba ta haƙuri, shi ya samu mata a garinsu. Kukan da ta sha, matashin kanta ne shaida.

Turanci ya gudu. Ta kalli bencin baya.

"Malam Basharu... kwaɗonka wane iri na?"

Kowa ya waiwaya ya kalli Basharu.

"Wane kwaɗo?" ya ce yana miƙewa. "Ni ɗan masunta, kwaɗon da nis sani na fadama na."

"Ja! Ɗan ƙarami, ja, wanda kas sa ma akwatin ga!"

"Wallahi yau nif fara ganin akwatin ga, Madina. Direbanku dai ya taho gida yac ce an ba shi ke, in fita hanyarki."

"Innalillahi! Hular fa? Ba kai kam maido ta ba?"

"Hula? Kin ɗinka mini hula?!"

Sai ɗaki ya kaure da ihu. 'Yan mata na tafi, samari na buga benci. Dakta Haruna ya yi ta bubbuga tebur, shi kansa dariya na neman ƙwace masa.

"Ku rubuta," ya ce. "Kulle saƙo daban, sanin wanda kake magana da shi daban. An tashi!"

A ƙarƙashin darbejiyar bakin sashen Basharu ya cim mata, yana haki.

"Sanyin idona, ki yafe mini. Na zaci kin raina asalina."

"Ni kuma na zaci ka gaji da ni..." Hawaye na zuba, tana dariya.

Nan take fuskarsa ta sauya, ya dafe kai.

"Madina, akwai matsala. Cikin fushi nic ce ma Baba ya zaɓa mini ko wace ce. Gobe da hantsi magabatana za su nema mini Rabi, ɗiyar maƙwabcinmu. An sayi goro."

In dattawa suka shiga zauren mutane suka furta, magana ta ƙare, ba mai iya janye ta.

"To mi kake jira? Tafi!"

"Ke fa?"

"Gwandu. Kuma ba aike! Da bakina zan gaya ma Baba."

Suka ruga tasha kamar waɗanda aka biyo. Shi ya faɗa motar Birnin Kebbi don ya zarce Kalgo, ita ta matsu a bayan motar Gwandu tsakanin buhun albasa da wata tsohuwa mai kaji, ba ta ko ji matsin ba.

Ta isa gida bayan la'asar. Inno, mahaifiyarta, na tankaɗe a tsakar gida, ta ji labarin ta taɓe baki.

"Yo in Umaru ya yi haka, ai so na! Ɗan wana na, jininki. Mu gidan malamai, ki rasa wa za ki kwaso sai mai ƙarnin kifi?"

"Inno, ƙarya fa yay yi mini!"

"Ke dai boko ya buɗe miki ido."

Malam Tambari, mahaifinta, ya ji komai daga zaure. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronsa. Ya sa aka kira Umaru. Umaru ya zo yana kaɗa mabuɗan mota, da murmushinsa na ango.

"Umaru, an ba ka saƙo zuwa Kalgo?"

"An ba ni, Baba."

"Ka kai?"

Mabuɗai suka daina ƙara.

"Baba, ni ma fa ina son ta... tun tana ƙarama..."

"Da ka taho ka gaya mini, da na saurare ka. Wanda ya ci amanar hula, ba ni ba shi ɗiya. Tashi."

Madina ta ji kamar ta yi guɗa. Amma Malam ya juyo gare ta.

"Ke kuma kada ki yi murna tukuna. Ni ba ni aika ma kowa. In sun taho, na ji su. In sun shiga wani gida, ki yi haƙuri."

Washegari ta kasa zama. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta ɗora shayi ta manta har ya ƙone. Ko ya isa a kan lokaci? Ko babansa ya ƙi? Hantsi ya wuce, aka yi azahar, ba kowa. Duk motar da ta ji sai ta leƙa ta kafar ƙyaure, sai ta ga ta wuce hanyar Dodoru.

Ta shiga ɗaki ta kifa kai, zuciyarta ta karye.

Sai ga ƙugin wata tsohuwar akori-kura a ƙofar gida, da sallamar manya.

Ta zabura, ɗankwali a hannu, ta lallaɓa bayan zaure. Dattawa ne cikin manyan riguna, ƙafafunsu duk laka, wai mota ce ta kafe musu a fadama sai da suka tura. Baffan Basharu ya ajiye huhun goro, ya yi gyaran murya.

"Malam, ba mu ɓoye maka. Goron ga don wani gida munka saye shi. Mun sa takalma za mu fita, yaron ga ya tare ƙofa ya durƙusa, babba da shi yana kuka. Ba mu furta ma kowa komi ba. Ga mu, mu masunta ne, abin da muke da shi ke nan."

Malam Tambari ya dubi huhun goron, ya dubi dattawan. Madina ta toshe bakinta da ɗankwali.

"Mutanen da sunka fara da gaskiya," ya ce a hankali, "ba ni tambayar sana'arsu. Na ba Basharu Madina. A yi fatiha."

Ta juya da gudu za ta ɗaki, sai ta yi karo da mutum. Inno ce, ashe ita ma laɓe take, kunne a jikin bango.

Suka kalli juna.

"Babba da shi, yana kuka?" Inno ta ce. "Saboda ke?"

Madina ta gyaɗa kai, hawaye na gangarowa.

Inno ta ja tsaki, ta goge ido da bakin zane. Sannan ta kama hanci ta rangaɗa guɗar da sai da maƙwabta suka fito.