Nonon Hagu na Tabawa

Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Ke Zulai, ajiye butar shayin nan, bayan kin ji wannan kya san inda za ki zubar da ruwan.

Kun san kakarmu Tabawa da tsiwa da ba'a, amma ba ku san ta tana mai jego ba. Haihuwarta ta fari a wata 'yar tashar jirgin ƙasa ta same ta, can cikin daji, inda kakanmu Ilu yake aikin gyaran layi. Uwarta ta rasu, dangi suna nesa. Bayan suna aka tura Ilu gyara gaba, ya bar ta daga ita sai jaririya.

Kun dai san jego. Wata ce ke dafa miki ruwa, ta fyaɗa miki shi da ganyen darbejiya safe da yamma, ta dama miki kunun kanwa. Tabawa ita ce mai jegon, ita ce mai wankan. Ta ɗebo ruwa tana dafa bango, ta hura wuta jiri yana ɗibarta, ta yi wankan tana kuka.

Wata magariba ta gama wanka, sauran ruwa yana tafasa a tukunya, yarinya kuma tana tsala ihu a ɗaki. Cikin sauri ta kinkimi tukunyar ta watsa bayan ɗaki, gindin wani tsohon suri. Ba ta yi bisimilla ba. Ta ce ta ji kamar wani ya ja iska ta tsakanin haƙora, daga nan shiru.

Tun ranar nono ya fara ɓata. Da ta sha kunu sai ƙirji ya cika har ya yi mata nauyi. Da yamma wani barci ya danne ta. In ta farka, wayam. Yarinya ta kama, ta ja, ta saki, ta yi kuka. A hankali kukan ya koma kamar na ɗan kyanwa, maɗigarta ta faɗa ciki. Tabawa ta ƙara kanwa, ta jiƙa gero, ta matsa har fata ta yi ja, ko ɗigo. Ta tabbata 'yar nan mutuwa za ta yi a hannunta, kuma babu ko wanda zai taya ta haƙa rami.

Rannan da barcin ya taso sai ta ciji yatsa har jini, ta ƙi rufe ido. Can ta ji sallama a bakin ƙofa, murya kamar daga cikin randa. Wata doguwar mata ta shigo da goyo. Tabawa ta dubi ƙasa. Dugadugan matar ne a gaba, yatsun suna kallon inda ta fito.

Matar ta zauna a bakin gado, ta sassauta zane. Ƙirjinta duk ya saluɓe, ƙuna ɗanya.

"Ina zaune ina ba tawa nono kika watso," in ji ta. "Da kin ambaci Allah, da na kauce."

Ashe ita ke sa mata barcin, ta ɗora 'yarta ta shanye nonon tas.

Ku kuna tsammanin Tabawa ta ruga? Ina za ta, da wace ƙafa? Ta ce tsoro ma ƙarfi yake so, ita kuwa ba ta da shi. Ta ɗago jaririyarta ta miƙa wa matar, ta nuna mata maɗigar da ta faɗa. Ta nemi gafara, ta ce ba da gangan ba ne, hannu biyu gare ta kuma aikin na mutum uku ne.

"Ki bar mini ɗaya," ta ce. "Hagu na taki, dama na tawa. Don Allah kar ki kashe mini ita."

Matar ta daɗe tana kallon yarinyar. Ta dubi murhu, ta dubi ɗakin da ba kowa.

"Wa ke yi miki wanka?"

"Ni."

Matar ta matso kusa. Ta kwanto goyonta ta ɗora a cinyar Tabawa. Tabawa ba ta ga fuska ba, nauyi kawai ta ji, da baki mai sanyi a hagu. Sai dama ya fara tsiyaya da kansa, har ya jiƙa zane. Jaririyarta ta kama, Tabawa ta ji tana haɗiya, ta fashe da kuka.

Washegari da asuba ta tarar da ruwa ya tafasa, ganye a ciki. Ta tsuguna, ta ji ana fyaɗa mata shi a baya, ba ta waiwaya ba. Haka aka yi ta yi har ta gama arba'in. Jaririyar nan ita ce Goggo Delu, kuma har aka yaye ta ba ta taɓa yarda ta kama hagu ba.

'Ya'ya shida Tabawa ta haifa. Amma har ta koma ga Allah, in aka tambaye ta nawa ta shayar, bakwai take cewa.

Don haka kar ku bar mai jego ita kaɗai, ko ta ce ta iya. Ke kuma Zulai, je ki zubar da ruwan. Ki fara da bisimilla, ki ɗan jira su gyara.