Soson da Ba a Wanka da Shi

Ƙafa ɗaya Monday ya sa wa ƙofar, sakatar ta yi tsalle ta faɗo tsakar ɗaki.

"Ina take? Ina aljanar da kike kiwo?"

Abigail ta miƙe a firgice. Yayan saurayinta ne tsaye da guntun rodi a hannu, samari sun cika bakin ƙofa a bayansa.

"Yaya Monday, lafiya? Me ya..."

Tas!

Marin ya haɗa ta da bango, ta ji gishirin jini a bakinta.

"Kada ki sake ce mini yaya! Mayya!"

Idonsa ya sauka kan akwatin gilashin da ke kusa da taga, inda ɗan inji ke busa iska cikin ruwa. A ciki akwai dutse, a jikin dutsen kuma wani abu kore-kore mai ƙananan ramuka ya manne ya yi shiru.

"Don Allah kar ka taɓa! Rai gare shi!"

"Kun ji ko? Da bakinta ta faɗa!"

Ya ɗaga rodin ya sauke. Gilashi ya tarwatse, ruwa ya malale. Ya sa takalmi ya murje abin, sannan ya kwashe dagwalgwalon ya zuba a kwano da ragowar ruwan.

Gaskiya ta faɗa, rai gare shi. Soso ne, amma ba na wanka ba. Wata dabba ce ta ruwa, ba ta da baki, ba ido, ba ƙafa. Tana manne a dutse tana zuƙar ruwa ta ramukan jikinta, ta tace abincinta, ta fitar da shi garau. Manyansa masu launi suna can cikin teku, inda Abigail ke mafarkin zuwa. Kafin nan, a kan wannan ƙaramin na kogin Kaduna take binciken digirinta na biyu, don inda ruwa ya lalace ba ya zama.

A bakin kogin ta haɗu da Ɗanladi, mai walda a wata masana'anta a Kudenda. Ya gan ta tsamo-tsamo cikin ruwa har ƙugu tana leƙa ƙasan duwatsu, ya ɗauka hauka ne. Da ta nuna masa, sai ya zauna yana kallon abin har ya makara aiki. Shi ya haɗa mata akwatin da hannunsa.

Ƙarar babur ta tsaya a waje.

"Abi! Abi tawa!"

Ɗanladi ya ture samarin ya shigo. Yana ganin jinin bakinta ya yi kan yayansa. Suka kife bisa fasasshen gilashi. Wani ya maka masa kujera a ƙeya, goshinsa ya daki ƙarfen akwatin ya tsage.

"Ku ɗauko su duka!" in ji Monday yana haki. "Mama na jira. Ta je ta warware abin da ta ɗaura wa Debby!"

Daga Mahuta har Sabon Tasha, a cikin keke-napep, kan Ɗanladi na bisa cinyarta tana danne raunin da ɗankwalinta.

"Kar ki ji tsoro, rabin raina," ya ce a hankali. "Ina nan."

Tsakar gidan Mama Janet ya cika maƙil. Matan zumunta na gefe suna addu'a da ƙarfi. A tabarma Debby ce kwance tana birgima, 'yar masu haya a gidan, wadda Mama ta daɗe tana so Ɗanladi ya aura. Wuyanta, hannayenta da fuskarta sun yi jajir sun kumbura, ta soshe kanta har jini.

"Wuta! Jikina wuta! Ita ce, Mama! Ta ce sai ta ga bayana!"

Mama ta tako har gaban Abigail, idanunta jawur.

"Tun ranar da aka ce mini kina ɗebo abu daga kogi kina ajiyewa a ɗaki na san akwai magana. Kin shanye mini ɗa. Yanzu kuma 'yar mutane?"

"Mama, karatuna ne..."

"Karatun soso? Wa ya taɓa zuwa jami'a don soso? Ga shi nan jibge a kasuwa!"

Dutse ya taso daga cikin taron ya sami kafaɗarta. Wani ya biyo baya. A bakin ƙofa wani yaro-yaron saurayi ya garo tsohuwar taya.

"A ƙona ta!"

"Jinin Yesu!" wata tsohuwa ta kurma ihu. "Ku bari a kira Fasto!"

Ba wanda ya saurare ta. Ɗanladi ya rungume Abigail ya juya wa taron baya. Tana jin duk dutsen da ya sauka a kansa, jikinsa na girgiza a nata.

"Sai dai ku haɗa da ni!"

Ta ƙarƙashin hannunsa ta hango Debby. Rana na dukan fatarta, fatar kuwa tana wani ƙyalli kamar an barbaɗa mata garin kwalba.

Ta ƙura wa ƙyallin ido.

Ta tuna faifan da take shanya busassun soson a taga. Ta tuna ranar da Debby ta zo wai ganin ankon biki. Tun ranar babban cikinsu ya ɓace.

Ta zame daga hannun Ɗanladi.

"Debby! Da me kika yi wanka yau?"

Birgimar ta tsaya cak.

"Ku ji ta fa... ina ruwanki da wankana?"

Abigail ta zura hannu a aljihun rigar aikinta ta zaro guntun busasshen soso. Mutane suka ja da baya.

"Ga aljanar. In tawa ce, ai ba za ta ci ni ba, ko?"

Ta ɗora shi a damtsenta ta dirza. Ta dirza da ƙarfi tana cije leɓe, hawaye na zuba.

"Abi, bari!" Ɗanladi ya fizge, ya kalli mahaifiyarsa, ya dirza a nasa hannun. "Ni ma ta ci ni, Mama, tunda kin ce ita ta kama ni."

A gaban idon kowa fatarsu ta yi ja, ta fara tashi ruɗu-ruɗu, irin ta Debby sak.

"Ƙashinsa ne," in ji Abigail. "Ƙananan allurai ne kamar gilashi, ido ba ya ganinsu sosai. Duk wanda ya goga, haka zai yi. Ko Fasto ne."

Mama ta dubi Debby. Ta juya ta shige banɗakin masu haya. Da ta fito, ga abin a kan murfin kwandon sabulu, jiƙe, da kumfa a jikinsa.

"Debby. Na wane ne wannan?"

Debby ta rushe da kuka.

"An ce... an ce da shi take wanka, shi ya sa ya mace a kanta. Na ce ni ma in gwada. Ai soso ne, Mama! Kowa soso yake ce masa!"

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya yi saurin haɗiye ta. Mai tayar ya sulale. Rodin hannun Monday ya faɗi ƙasa.

Abigail ta dubi matan.

"Ku hana ta susa. Ku kwarara mata ruwa mai yawa, ku kai ta asibiti."

Sannan ta kalli kwanon da ke gaban Mama, inda aikinta ya zama kunu. Ta zare zoben alkawari ta ajiye a gefensa.

"Abi..."

"Ina son ka, Ɗanladi, Allah ya sani. Amma ba zan shiga gidan da aka garo mini taya ba."

Ta fita ba ta waiwaya ba.

Babanta ya rantse ko ƙofar gidansa wani daga Sabon Tasha ya tako sai ya kira 'yan sanda. Ta kashe waya. Kumburin hannunta ya saɓe ya warke, na zuciya ya ƙi. Kullum sai ta tsinci kanta tana kallon gurbin akwatin.

Wata Asabar da hantsi aka yi sallama.

Mama Janet ce, da kwano a ka, an rufe shi da faifai. Bayanta Monday, ya rungumo sabon gilashi, kansa a ƙasa. Can baya Ɗanladi, da ɗinki a goshi, ya rame.

Baba ya taso da sanda. Monday ya ajiye gilashin ya zube a gabansa.

"Baba, ka dake ni. Na ci duka."

Sandar ta sauka a gadon bayansa, ta sake sauka. Bai motsa ba. Baba ya yi tsaki ya jefar da ita.

Mama ta sauke kwanon a gaban Abigail.

"'Yata, na so in zubar, Ɗanladi ya hana. Kullum sai ya ɗebo ruwan kogi ya canja masa, ko abinci ba ya ci. Jiya na leƙa... ni dai ban gane ba. Duba mini."

Abigail ta ɗaga faifan.

Kunun ya tafi. A ƙasan kwanon ƙananan dunƙule ne kore-kore kamar ƙwayar gero, wasu har sun manne da juna sun kama jikin kwanon.

"Yana raye..." ta ce da raɗa. "Haka yake, Mama. Ko an murje shi, ɓarɓashin sai ya yi ta rarrafe yana neman ɗan'uwansa har su haɗe."

"Ba ido, ba ƙafa?"

"Ba ko ɗaya."

Mama ta daɗe tana kallon kwanon. Ta share ido da bakin zane.

"To ni mai ido da ƙafa, ga ni na rarrafo. Ki yafe mini."

Ta kwance bakin zanen, zoben na ƙulle a ciki. Ta miƙa wa ɗanta.

Ɗanladi ya durƙusa.

"Masoyiyata, ni ma tun ranar a murje nake."

Abigail ta kalli babanta. Ya kawar da kai yana gyaran murya, bai ce a'a ba. Ta miƙa hannun, wanda tabon ke jiki, tana kuka tana dariya.

"Amma kai za ka kai ni teku."

"Ko a babur ne!"

Ranar biki matan zumunta suka jera wa amarya kaya, tukwane, bokitai, kwandon sabulu. Da aka zo kan soson wanka, Mama Janet ta ɗaga shi sama ta jujjuya, ta miƙa wa amarya.

"Malama, duba mana wannan tukuna. Ba ya cizo?"