Jimlar da Ta Sa Sadiyatu Kuka

A shekarar da ake shirin samun mulkin kai, an yi wata yarinya a Ƙofar Taramniya, cikin birnin Sakkwato. Tana da ƙoƙari a makaranta, musamman wajen Turanci. Babbar ƙawarta ita ce Sadiyatu. Benci ɗaya suke zama, ƙosai ɗaya suke rabawa.

Mahaifin Sadiyatu ya tafi aikin Hajji ta ƙasa. Abokan tafiyarsa sun dawo, shi kuwa shiru. Kullum Sadiyatu ta ji ƙarar babbar mota, sai ta leƙa waje.

Ran nan mahaifin yarinyar ya dawo daga fataucin tufafi a Kano. Ya kawo mata sabon kallabi. Ta zo makaranta tana ta murna.

Malama Hauwa'u ta rubuta kalmomi a allo. Ta ce, "Happy, farin ciki ke nan. Sad kuwa, baƙin ciki. In naka ya fi na wani, sai ka ce happier, ko sadder. Wa zai yi mana jimla?"

Yarinyar ta ɗaga hannu da sauri. Ta miƙe ta gyara kallabinta.

Ta ce, "I am happier than Sadiyatu. My father is home. Sadiyatu is sadder than me."

Wato ta fi Sadiyatu farin ciki, don nata mahaifin yana gida, Sadiyatu kuwa ta fi ta baƙin ciki. Ta tsaya tana jiran tafi.

Ba wanda ya tafa. Sadiyatu ta kifa kai a kan benci, kafaɗunta suna rawa.

Malama ta ce a hankali, "Turancinki daidai ne. Amma juya ki dubi ƙawarki."

Da aka tashi, Sadiyatu ta wuce gida ita kaɗai.

A gida, yarinyar ta kasa cin tuwo. Innarta ta ce, "Ɗiyata, mi ya same ki?"

Ta kwashe labari ta faɗa mata. Ta ƙara da cewa, "Ai gaskiya na faɗi, Inna. Malama ma ta ce ban yi kuskure ba."

Inna ta ajiye muciya. Ta ce, "Ni ban san Turanci ba. Amma lokacin da babanki ya daɗe bai dawo ba, wa ya zauna da ke bakin zaure kina kuka?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Sadiyatu ce."

"Ta gwada miki cewa ta fi ki jin daɗi?"

"A'a. Gyaɗarta ta ba ni."

Sai hawaye ya zubo mata. Inna ta share mata da bakin zane, ta ce, "Tashi ki je tun rana ba ta faɗi ba."

Yarinyar ta tarar da Sadiyatu a gindin dabino, tana tsince gero. Ta durƙusa kusa da ita.

Ta ce, "I am sorry. Ki yafe mini, ƙawata. So na yi a yabe ni, na manta da ke."

Sadiyatu ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Kullum ina jin kewar Baba. Yau kuma sai na ji kamar na rasa ki ke ma."

"Ba ki rasa ni ba. I am sad too. Ni ma ina baƙin ciki tare da ke."

Sadiyatu ta yi ɗan murmushi, ta matsa mata a kan tabarma. Suka tsince geron tare. Bayan sallar magariba suka ɗaga ƙananan hannuwansu, suka roƙi Allah ya dawo da Baba lafiya. Innar Sadiyatu ta zubo musu fura a ƙwarya ɗaya, suna sha suna dariya.

Daga ranar yarinyar ta gane cewa bai isa magana ta zama daidai ba. Ko da Hausa ko da Turanci, kafin ka faɗi farin cikinka, ka fara duba zuciyar wanda ke kusa da kai.