Ƙuri'ar Waris

A jirgin ƙasa daga Manchester zuwa Birmingham suka haɗu. Zinatu tana kallon labaran Italiya a kwamfuta, ba ta jin ko kalma ɗaya. Saurayin da ke gefenta ya yi 'yar dariya.

"Kana jin abin da suke cewa?" ta tambaye shi da Turanci.

"Ina ji," ya amsa da Hausa, don ya ji ta tana waya da mahaifiyarta.

Sunansa Waris. Iyayensa 'yan zangon Kumasi ta Ghana ne, a Brescia ta Italiya aka haife shi, yanzu yana tuƙa bas a unguwar Handsworth ta Birmingham. Ita kuwa project ɗinta na jami'a a kan zaɓen majalisar Turai ne na 2019, yadda kowace ƙasa ke ba da labarinsa.

"To kin samu tafinta kyauta," in ji shi.

Kullum da la'asar takan tura masa bidiyo, ya fassara. Zaɓe ɗaya ne, amma a London zancen ficewa daga Tarayyar Turai ake yi, a Roma zancen jiragen ruwan baƙin haure. Kamar gida ɗaya, kowa na leƙe ta tagarsa.

Wata rana ya rubuto: "Zee, yau faɗa kawai suka yi a bidiyon. Amma a bayan ɗan jaridar ruwa na sauka a unguwarmu ta Brescia, a hankali, kamar maganarki."

Ta karanta, ta mayar masa: "Direba, ka kula da hanya. Amma ƙaro."

Da maganar ta kai ga mahaifinta, Dakta Maharazu, likita a unguwar Whalley Range ta Manchester, sai ya girgiza kai.

"Ghana, Italiya, Ingila. Mai ƙasa uku ba shi da ko ɗaya. In ƙasar nan ta fita daga Turai, ya ɗauke min ke sai Brescia."

"Abba, ka gan shi tukuna."

Ana haka ta ji mahaifiyar Waris na son su koma Italiya, har ta yi masa kamun wata Hikma a can. Zinatu ta daina tura bidiyo. Azumi ya shigo, wayarta shiru, sai saƙo ɗaya: "Zee, ki roƙa min Abba ya gan ni bayan zaɓe."

Bayan zaɓe Waris ya zo da farar jallabiya, ya zauna a ƙasa.

"Ka yi zaɓe?" in ji Dakta.

"Na yi, Baba. Mai fasfon Italiya irina zaɓi yake da shi, ko ya jefa wa 'yan takarar can ko na nan. Ba a yin biyu. Mama ta so na can."

"Kai fa?"

"A firamaren bayan gidanmu na jefa, a Handsworth. Nan nake so yarana su shiga."

"Ko da majalisar ba za ta daɗe da mu ba?"

"Ni zan daɗe."

Zinatu na bayan ƙofa, tiren buɗa-baki a hannunta. Ta ji mahaifinta ya ce, "Ka turo manyanka."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Mahaifiyar Waris ta zo da waakye, shinkafa da wake irin na Ghana, cike da tukunya, ta rungume amarya, ta ce Brescia ta jira. Da za su shiga mota, Dakta ya dafa kan Zinatu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya," ya ce, ya ɗan dakata, "a duk inda kuka zauna."