Sake Min Hannu, Likita

"Sake min hannu!"

"Tsaya mana, saura kaɗan..."

"Na ce ka sake min hannu, Likita!"

Ya sake. Ta zube a kan wani falalen dutse tana haki, gumi ya manne mata ɗankwali a goshi. Tun da sassafe suke hawa, ga rana ta take, amma ƙololuwar dutsen sai ƙara nisa take yi.

Ba likita ba ne, ma'aikacin jinya ne. Ita ta laƙaba masa sunan tun tana kwance a asibiti, bayan da mota ta kwashe ta a bakin shagonta na ɗinki. Shi ya riƙa wanke mata ciwo, shi ya koya mata taka ƙafar da aka sa wa ƙarfe. Daga jinya sai soyayya, daga soyayya sai aure. Sai dai bawan Allah har yau bai sallame ta ba. Ko atishawa ta yi, sai ya cafke wuyan hannunta, ya kafa wa agogo ido yana ƙirga bugun jini.

"Mama ta sa na yi mata alkawari," ya ce a hankali. "Ta ce da zarar numfashinki ya sauya in juyo mata da 'yarta. Me zan ce mata in wani abu ya same ki?"

"Ka ce mata na gaji."

"To ai shi ya sa..."

"Ba da dutse na gaji ba! Da ku na gaji, kai da ita. Kullum kar ki ɗauka, kar ki tsaya, zauna ki huta. Ni matarka ce ko majinyaciyarka?"

Tun tana yarinya take son hawa dutsen nan. Babanta yakan hau shi ranar hutu, ya dawo da ƙarangiya a ƙafar wando, ya ce, "In kin girma tare za mu." Ta girma, shi kuma rai ya yi halinsa. Yanzu ta tagar shago take kallon dutsen kullum, tana taka keken ɗinki. Kuma ba yau suka fara zuwa ba. Duk zuwan da suka yi a falalen nan ake tsayawa, ya duba agogo, su juya.

Ya zauna gefenta, shi ma a gajiye.

"Zan faɗi wata magana, amma kar ki yi fushi."

"Ai na riga na yi."

"Ban kamo hannunki ba yau. Ke kika miƙo min. Wancan karon ma ke kika miƙo."

Ta buɗe baki za ta musa, sai ta tuna. Gaskiya ya faɗa. Da ta ɗaga kai ta hango sauran hawan a tsaye kamar bango, hannun da kansa ya tafi wajensa. So take ya ce su koma, ta samu wanda za ta ɗora wa laifi, ta ɗaure masa fuska har gida. Kunya ta rufe ta, sai hawaye.

"Tsoro nake ji," ta ce. "In na gwada da gaske na kasa fa? Daga nan ba ni da wanda zan ce shi ya hana ni..."

"Haba zuciyata! Ƙafar da take wuni tana taka keke? Ta warke tuntuni. Ni ne ban warke ba. Har yanzu in na rufe ido, ranar da aka shigo da ke cikin jini nake gani."

Ya kwance agogon, ya jefa a jakarta, ya rufe.

"Daga nan zuwa sama na tashi daga aiki. Mama kuwa, na shirya shan faɗa."

Ta miƙe da ƙyar. Hawan bai yi mata da sauƙi ba ko kaɗan. Wani wurin da ƙafa, wani wurin da rarrafe, ƙarfen yana yi mata zugi har ƙugu. Shi yana biye, ya cusa hannuwa a aljihu don kar su ci amanarsa. Da santsi ya kwashe ta, gwiwarta ta daki dutse, ta ji ya zaburo.

"Kar ka taɓa ni!"

"Ni? Gajimare nake kallo, ranki ya daɗe."

Ta yi dariya cikin kuka, ta ci gaba.

Sai da rana ta yi sanyi suka isa. Ba wani abu a saman, sai iska da busasshiyar ciyawa, da gari can ƙasa ya tsuke har ta kasa gane shagonta. Ta zauna. Nan ta ga ƙarangiya ta cika mata bakin siket.

"Baba, ga ni na zo," ta ce, kuka ya ƙwace mata.

Ya durƙusa ya kama wuyan hannunta. Ta kai ido wajen agogo bisa sabo, ba komai sai shatin inda yake zama. Fuskarta kawai yake kallo, idanunsa sun cika taf.

"Nawa ka samu?" ta tambaya.

"Ban ƙirga ba."

Ta juya hannu ta riƙe nasa, ta ɗora yatsu inda ya saba ɗora mata. Bugawa yake kamar zai fasa fata.

"Naka ne yake gudu, Likita," ta ce tana share masa ido da gefen mayafinta. "Zauna ka huta. Ni zan sauko da kai."