Farantin da Ya Bar Ɗakin Sanyi

"Wahalar shekara uku! Ita ka ɗauko ka ajiye cikin tarkacen wayoyinka?!"

Auta ce ke faɗa a ɗakin bincike, tana nuna ɗan farantin roba mai ramuka da ke kan teburin saurayinta Injiniya. Digirinta na dakta kacokan yana cikinsa: dafin wata ƙwayar cuta, haɗe da maganin da take fatan zai ɗaure shi. Sai sun daskare tare kamar ƙwayar gishiri ake iya ɗaukar hoton siffarsu. A ɗakin sanyi yake zama, ko tari ba a yi kusa da shi.

"Zumata, wallahi zuwa na yi na tarar da shi a nan..."

"Kar ka ƙara ce min zuma!"

Abokiyar aikinta, wadda ake kira 'Yar Gayu, ta dafa ta. Ta daɗe tana yi wa Injiniya fari da ido yana kau da kai.

"Ni dai na ga ya shiga ɗakin sanyi gyaran fanka shekaranjiya. Yi haƙuri ƙawata, mai gyaran inji ina ya san darajar bincike?"

Maganar Abba ke nan sak. Sau biyu iyayen Injiniya na zuwa neman aurenta, sau biyu Abba na sallamarsu, wai yaron nan ɓata mata karatu zai yi.

Ashe gaskiyar Abba ce?

Ta ɗauke farantin ta dangwarar a kan kantarta. Sati guda ko sallamarsa ba ta amsa ba.

Ranar da za ta zubar da shi, hannunta har ya kai kwandon shara, ta tuna dokar Farfesa: ba a jefar da faranti sai an leƙa shi. Ta tura shi ƙarƙashin madubin ganin ƙwayoyin cuta tana share ƙwalla.

Rami na ɗaya, laka.

Na biyu, laka.

Na tara...

"Wayyo Allah! Farfesa! Farfesa!"

Ga daskararrun ƙwayoyin nan reras, masu kusurwa shida, suna ƙyalli kamar lu'ulu'u!

Farfesa ya cire tabarau ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Ikon Allah! Ashe ɗumi dafin nan yake so, mu muna ta kashe shi da sanyi. Wane mai basira ne ya fitar da shi? Ko wane ne, sunansa zai hau takardar da za mu buga."

"Injiniya ne..." in ji Auta a sanyaye.

"Ƙarya ne!" 'Yar Gayu ta miƙe zumbur. "Ni na fitar da shi! Da hannuna na kai shi teburin..."

Sai ta toshe bakinta.

Kowa ya juyo ya dube ta.

"Madalla," Farfesa ya ce yana mayar da tabarau. "Biyo ni ofis, ki faɗa min a wane shafin littafinki kika rubuta wannan gwajin."

Auta ba ta tsaya cire safar hannu ba. A ƙarshen baranda ta sami Injiniya durƙushe gaban wani inji.

"Masoyina... na zalunce ka."

Bai juyo ba. "Hajiya Dakta ce da kanta? Me ya lalace?"

"Ni ce na lalace. Ka yafe min..."

Ya ɗago, ya ga hawaye shaɓe-shaɓe, sai dariya ta ƙwace masa.

"Tun ranar na yafe, zumata. Sun fito?"

"Sun fito!"

"Alhamdulillahi! To daina kukan, kar ki jiƙa min waya."

Da yamma ta zayyana wa Abba komai, Umma na gefe tana taya ta da ido. Abba ya ninke jaridarsa a hankali.

"Sati guda kina zarginsa, bai rama ba?"

"Ko kalma ɗaya, Abba."

"Ni da na haife ki ba zan iya ba." Ya dubi Umma. "Ki aika wa iyayensa su dawo. Su yi sauri, kafin yaron ya gane abin da zai ɗauka."