Kukan Birkin Ɗanlami

A wani ƙauye a gindin dutse, an yi wani direba mai fara'a, sunansa Ɗanlami. Motarsa ta kwana biyu, in ya taka birki sai ta yi ƙara. Birki ya yi kuka, Ɗanlami ya ƙara muryar rediyo. Birki ya sake kuka, ya sake ƙara murya.

Wata rana matarsa Azumi ta sauka lafiya a asibitin da ke saman dutsen. Ya je ya ɗauko su yana ta waƙa.

Azumi ta ce, "Maigida, kashe rediyon nan, yarinya na barci."

Ya kashe. Ya taka birki, birki ya yi kuka, yau babu abin da zai rufe shi. Ga kuma gangaren da ya cinye yayansa bara yana gabansu.

Azumi ta ce, "Mu tafi mana, 'yan barka sun cika gida."

Ya ce, "Su ƙara haƙuri."

Ya juya zuwa garejin Baba Jatau bakanike. Tsohon ya kwance taya, ya nuna masa abin da ya rage na birkin, siriri kamar ɓawon albasa. Ya ce, "Ashe kana da kunne, ɗan nan?"

Ɗanlami ya ce, "Yau aka haifa mini shi, Baba."

Aka sa sabo. Suka sauko gangare a hankali, mota shiru. Sai jaririya ta farka ta tsala kuka. Ɗanlami ya yi dariya, bai taɓa rediyo ba har gida.